Talibambam na Bahar Maliya

Ni da aka haifa a bakin Kwara, a gidan da ba a taɓa kwana ba a ci kifi ba, ni ne na je Jidda na kusa kashe mutum da miyar kifi. Kuma ba wani bare ba, mutumin da ya tsince ni a bakin titi ya shimfiɗa mini tabarma a ɗakinsa. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji leɓena ya yi sanyi.

Sunana Garba, Basarke ne ni daga ƙasar Yawuri. Sana'ar su na gada, kuma ba yabon kai ba, a tsarana babu wanda ya fi ni sanin inda giwan ruwa ke kwana. Wannan taƙamar ce ta kai ni ta baro. Wani ejan a Kano ya ce ana neman wanda ya san ruwa a wani jirgi a Jidda, ya ce da na sauka wani Alhaji zai tarbe ni da iƙama, wato takardar izinin zama, a hannu. Na sayar da jirgina da komata ta kamun kifi da injin da ko shekara bai yi ba, na miƙa masa.

Na sauka, na yi umra, na dawo Jidda na zauna a inda aka ce in jira, bakin wani masallaci a unguwar Sa'alaba. Kwana uku ina tashi tsaye duk lokacin da na hango mai babbar riga. Lambar wayar da aka ba ni kuwa, wata mata ce ke ɗauka tana zazzaga mini Larabci ta kashe. A rana ta huɗu wani mai shara ya duba fasfona ya ce bizar umra ce zalla, kwanakinta ma sun kusa cika. Alhaji dai babu shi a duniyar Allah. Na zauna a kan dakali na shiga tsine wa ejan da babbar murya, tun daga shi har wanda ya nuna mini ofishinsa.

Ina cikin haka sai na ji an ce da Hausa, "Wa kake wa wannan ruwan ashar tun da hantsi, a ƙofar ɗakin Allah?"

Wani tsoho ne siriri, ɗauke da ƙunshin fararen riguna a kafaɗa. Shi ne Baba Sale, mutumin Damagaram, mai guga, ya fi shekara talatin a Jidda kuma takardunsa lafiya lau. Ya saurari labarina bai yi ko mamaki ba, ya ce irina ya gani sun fi gashin kansa. Ya aza mini ƙunshin rigunan, ya ce in biyo shi. Muna tafe silifas ɗina na ƙara, ƙwas ƙwas, don igiyarsa ta tsinke a Makka na ɗaure ta da waya, kan wayar kuma yana bugun ƙasa. Baba ya waiwayo ya ce ai ni ba zan iya sata ba, tun daga nesa za a ji ni.

Ɗakinsa a Mahjar yake, ciki ɗaya da ɗan tsakar gida inda yake guga. Akwai Musa, mutumin Tawa, mai wankin mota, shi ma ba takarda. Na zama na ukunsu. Baba bai taɓa tambayata ko sisi ba. Yana fama da ciwon suga, abincinsa kaɗan ne, amma in ya sayo burodi sai ya raba uku. Da ya ji ni Basarke ne sai ya yi ta ba ni labarin ƙuruciyarsa, lokacin da yake fataucin banda daga tafkin Chadi. Ya ce rabonsa da miyar kifi mai daddawa irin ta gida har ya manta, don a nan kome soyawa suke yi su zuba a kan shinkafa.

Shi ya samo mini aiki. Cikin masu kawo masa guga akwai wani Rayyis Hamid, mai tuƙa jirgin haya a wata tashar masunta kudu da Khumra. Mataimakinsa, wani ɗan Chadi mai suna Adam, ya tafi ganin gida bai dawo ba, ya bar katinsa na fita teku. Rayyis ya juya tafin hannuna ya ga kanta, ya jefo mini igiya na ɗaure masa ita kafin ya ƙifta ido, sai ya ce halas, wato shi ke nan. Ya miƙo mini katin Adam, hoton duk ya koɗe, baƙin mutum ne dai da ido biyu. A hanyar komawa Baba ya ja mini kunne. Ya ce katin nan a ƙofar tasha kaɗai yake aiki, inda ake kallo sama-sama. Ranar da ɗan sanda ya zaunar da ni ya duba da kyau, to kurkuku ne, daga nan sai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ya ce duk inda ake rubuta suna, asibiti ne ko ofis, in bi ta bayan layi.

Ranar da na fara fita, na shiga jirgi ina hura hanci, wai ga ɗan ruwa ya zo. Da muka bar bakin gaɓa na ɗaga kai ina neman wancan ƙetaren, babu. Na duba dama, na duba hagu, ruwa ne har inda ya haɗu da sama. Na kamfata na kai baki kamar yadda muke yi a gida in mun shiga sabon ruwa, na furzar, gishiri ne tsagwaronsa. Kafin rana ta ɗaga, jama'a, ni Garba jikan masu ruwa, ina rungume da gefen jirgi ina sheƙa amai, wani ma'aikacin banki mai tumbi yana bubbuga bayana yana ba ni lemun tsami. Da labarin nan ya kai Yawuri da ban sake shiga kasuwa ba.

Lokacin kaka ne a lissafinmu na gida, ana yankan gero. A Jidda kuwa lokacin ne zafi ke karyewa, iska ta lafa, manyan kifaye su matso. Alhamis da Juma'a jirginmu ba ya zama. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne su wane ne ke hawa. A garinmu talaka ke su don ya ci. A nan mai kuɗi ne ke biya a kai shi tsakiyar ruwa rana ta gasa shi, ƙugiya ta soke shi, ya dawo yana murna. Na tambayi Baba ko wani laifi suka yi aka yanke musu wannan hukunci, ya yi dariya har da tari.

Aikin iri biyu ne. Wata rana kusa muke tsayawa, a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa, inda ruwan ke garau har kana hango kifi yana shawagi, ja da kore da shuɗi kamar an yi musu rini. A nan fatsa ake saki da hannu a kamo najil, wani jan kifi mai ɗigo-ɗigo da suke ji da shi. Wata rana kuma mu nausa can ciki inda ruwa ya koma baƙi, jirgi na tafiya muna jan kifin roba a baya, wai shi ne koto. Na ce wane wawan kifi ne zai ci roba. Ban rufe baki ba sandar ta lanƙwashe, zare ya shiga kuka, aka fito da wani kifi da suke kira derak, mai tsawon hannuna biyu, haƙora kamar na kifin tsage. Ga kuma wani akwati a gaban Rayyis da ke nuna masa kifi a ƙarƙashin jirgi. Abin da kakana ya shekara arba'in yana koyo da ido da kunne, ga shi a talabijin.

Duk wannan na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na wani Bature injiniya. Ya kama wani ƙaton kifi mai dogon baki kamar mashi, da tuta a gadon baya. Ya fi awa guda yana fama, gumi har cikin takalmi. Da aka jawo shi gefen jirgi na ɗauko kulki na yi bisimilla zan sauke masa a ka, sai Baturen ya kurma ihu kamar ɗansa zan buga. Aka ɗaga kifin aka ɗauki hoto, ya shafa shi, ya cire ƙugiya, ya sake shi. Ya sake shi! Kifin da zai ciyar da unguwarmu kwana biyu. Wallahi sai da Rayyis ya riƙe mini riga, don ƙafata ɗaya ta riga ta hau gefen jirgi.

Daga ranar na yanke wa mutanen nan hukunci a raina, na ce ba su san darajar kifi ba. Kullum kuma sai sun ƙara mini hujja. In mun dawo tasha, tsoka kawai suke so a yanka musu a zuba a ƙanƙara, kai da ƙashin baya a watsa wa kyanwoyi. Kan kifi fa, inda daɗin yake. Na roƙi Rayyis ya bar mini, ya ce in kwashe har da bokitin. Na samo daddawa da kuka wurin wata mata 'yar Maraɗi a Sa'alaba, na haɗa miya. Baba ya ci ya tsotse ƙashi ɗaya bayan ɗaya, da ya gama sai ya ce yau ya je gida ya dawo. Musa kuwa tsakar gida ya koma da burodinsa, shi mutumin tudu ne, ko warin kifi ba ya so.

Ban tsaya a kai ba. Akwai wani kifi mai fata kamar takalmi da suke jefarwa, Rayyis ya yatsine fuska ya ce ba a ci. Na kai gida na feɗe, muka ci, lafiya lau. Wani kifin mai kama da maciji ma Rayyis ya ce ba a ci, muka ci, lafiya lau. Tun daga nan in ya ce ba a ci, sai in ce to a baki, a ciki kuwa in ce ku dai ba ku iya ba.

Juma'ar farko bayan ƙaramar salla muka fita da wasu 'yan kasuwa uku, muka tsaya a kan duwatsu. Ɗayansu ya jawo wani abu, yana faɗowa cikin jirgi ya shiga kumbura, ya zama kamar ƙwallo, ido zuru-zuru, haƙora huɗu kamar na zomo. Na yi tsalle na ce talibambam! Wata biyu ina cikin ruwan nan ban ga fuskar da na sani ba sai yau. Shi ne dai wanda muke sosa wa ciki muna yara a bakin Kwara don ya kumbura mu yi ta dariya. Sai na ji ƙwalla ta cika mini ido, na tuna tsohuwata, na tuna rairayin bakin ruwanmu da warin hayaƙin banda.

Rayyis bai yi dariya ba. Mutumin da kullum bakinsa a buɗe yake, sai na ga fuskarsa ta canza. Bai bari kifin ya kusanci akwatin ƙanƙara ba, ya yanke zaren, ya sa ƙafa ya tura shi ruwa. Ya kama kafaɗata ya ce sunansa dirimma, ya ce samm, wato guba, ya ja yatsa a maƙogwaronsa, ya maimaita har sau uku. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, na fahimce shi sarai. Amma na ce a raina, a Yawuri ma ai da yawa ba sa ci, tsoro suke ji, alhali kakana yana feɗe shi ya cire matsarmama ya gasa, kuma da haƙoransa ya mutu. Wanda ke sakin kifin da ya fi shi tsawo, shi zai koya mini abin da ake ci? Can an jima wani talibambam ɗin ya kama fatsata, lokacin Rayyis ya sunkuya yana duba inji. Na zura shi a bokitina, na rufe da kawunan kifi, na aza buhu.

Asabar jirgi ke hutawa. Ina azumin sitta shawwal, Baba kuwa ciwonsa ya hana shi. Da hantsi na zauna na feɗe kifin a tsanake, na zare matsarmama ba ta fashe ba, na ƙunshe ta da fatar a leda. Da na buɗe cikin sai ga ƙwai cike, rawaya, ga hanta ƙatuwa mai maiƙo. Na ji daɗi ƙwarai. A gidanmu ƙwan kifi da hanta rabon babba ne, yaron da ya kai hannu kansu gaban ubansa ba shi da tarbiyya. Na ce yau zan saka wa Baba da abin da ɗa ke yi wa uba. Na dafa da daddawa da barkono, ban ɗanɗana ba saboda azumi. Na tsame ƙwan da hantar duka na zuba masa, na bar tsokar a tukunya don buɗa-bakina.

Ya tambaye ni wane kifi ne, na ce talibambam. Ya dakata da lomar a hannu, ya ce su a tafkin Chadi jefarwa suke gani ana yi. Na ce ai rashin iya gyara ne, ni gadonmu ne. Maganar Rayyis tana kan harshena, na haɗiye ta, don kada tsoho ya tsorata ya ƙi cin abin da na wahala a kai.

"To, mai sana'a ya fi ni sani," in ji shi. Ya yi bisimilla ya cinye tas.

Ya koma kan gugarsa. Musa ya shigo hutun azahar ya kwanta a inuwa. Ba a yi rabin awa ba Baba ya ce barkonon nan nawa ya kashe masa leɓe. Na yi dariya. Jim kaɗan ya ce harshensa ya yi nauyi, yatsunsa kamar ba nasa ba. Sai na ji ƙauri. Na waiwaya na ga dutsen guga zaune a kan farar rigar mutane tana hayaƙi, Baba na kallonsa, hannunsa na lilo ya kasa ɗagawa. Mutumin da ya shekara talatin bai ƙona ko hankici ba. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ƙi, ya zube a kan tabarma ya yi amai. Na tallafe shi ina kiran sunansa. Idonsa biyu, yana kallona, bakinsa na motsi amma babu abin da ke fita, numfashinsa sama-sama kamar na ɗan tsako.

A nan yatsan Rayyis ya dawo mini, yadda ya ja shi a wuya. Na ce inna lillahi, na kashe Baba. Na gaya wa Musa kome a tsaitsaye. Ya dube ni kamar zai shaƙe ni, amma babu lokaci. Ya ruga ya samo wani maƙwabci mai a-kori-kura, muka kwantar da Baba a baya. Musa ya ce in ɗauko tukunyar da ledar fatar mu zubar a hanya, kada a zo a same su a ɗaki.

A bayan motar, kan Baba na kan cinyata, Musa ya faɗi yadda za a yi. Ya ce za mu kwantar da shi a ƙofar sashen gaggawa na asibiti, mu ɗora masa iƙamarsa a ƙirji, mu juya. Haka kowa ke yi, likitoci aikinsu ne su gano sauran. Ya ce maganar guba maganar 'yan sanda ce, duk wanda ya shiga ba zai fito ba, in kuma tsoho ya cika, to ni kisan kai ne a wuyana. Ya ce Baba da bakinsa ya hana mu zuwa inda ake rubuta suna.

Ina so in ce na yi masa musu. Ban yi ba. Na ce to.

Muka sauke shi a kan wani benci a bakin ƙofar asibitin, Musa ya ɗora iƙamar, ya buga gilashi da ƙarfi don a fito, muka juya da sauri. Na yi taku kamar goma. Tukunyar na hannuna, mun manta ba mu zubar ba. Sai na tuna katin Baba na ciwon suga yana cikin jakar iƙamar. Za su fito su ga tsoho mai suga ya sandare, su shiga neman suga, ko su ce shanyewar jiki ce, su yi ta aune-aune. Duk faɗin garin nan babu wanda ya san abin da ke cikinsa sai ni da Musa, numfashin kuma ƙarewa yake yi. Na waiwaya. Kansa ya karkato wajenmu, idanun nan a buɗe.

Na zaro katin Adam na danƙa wa Musa, na ce ya mayar wa Rayyis, kada a same shi a jikina a jawo wa bawan Allah masifa. Musa ya ce na haukace. Na ce na daɗe da haukacewa, tun jiya a cikin jirgi. Na juya da gudu.

Sun riga sun ɗora shi a gadon turawa. Na kutsa ina ɗaga tukunya ina ihu da 'yan kalmomin da na iya, samak, wato kifi, dirimma, samm. Mai gadi ya riƙe ni, na fizge, na zazzage ledar a kan teburinsu, fatar ta faɗo da ƙayoyinta. Wani likita Bamisre ya dube ta sau ɗaya, ya jefar da abin awon sugan da ke hannunsa, ya daka wa mutanensa tsawa. Suka ruga da Baba ciki. Ta ƙofar da ba ta gama rufuwa ba na hango ana zura masa roba a maƙogwaro.

Can sai ga wani likita baƙi ya fito, ya yi mini sallama da Hausa. Bakatsine ne, aikin kwangila ya kawo shi, an kira shi ya yi tafinta. Ya tambaye ni wane sashe tsohon ya ci, da ƙarfe nawa. Da na ce ƙwai da hanta sai ya runtse ido. Ya ce a nan gubar ta fi taruwa, wuta ba ta kashe ta, kuma ba ta da makari. Abin da za a iya kawai shi ne inji ya yi masa numfashi har jikinsa ya fitar da ita, in Allah ya sa da sauran kwana. Wato ni da hannuna na tsince wurin da ya fi kisa na ba shi, don girmamawa. Na zauna a ƙasa.

Likitan ya sunkuyo ya rage murya, ya ce dole a sanar da hukuma, amma na riga na faɗi abin da suke bukata, shi kuma bai ga wanda ya tsare ƙofa ba. Na gode masa. Na ce in sun sake bukatar wata tambaya fa, wa zai amsa? Ya dube ni, ya dafa kaina, ya koma ciki.

'Yan sanda biyu suka zo. Aka tambayi sunana. Wata biyu ina amsa Adam, ranar na ce Garba. Takarda fa? Na ce babu. Ana cikin rubutu aka kira magariba, babban cikinsu ya ga leɓena a bushe ya tambaya ko azumi nake. Ya fita ya dawo da dabino uku da ruwa, ya jira na sha, sannan ya sa mini ankwa.

Kwanakin da na yi a tsare ban san ko Baba na raye ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce bai sani ba. In an buɗe ƙofa sai in ce ga saƙon mutuwa ya zo. Ba tsoron a sare mini kai da takobi ne ya fi damuna ba, Allah ya sani. Lomar nan da ya dakata da ita a hannu, ita nake gani ko na rufe ido.

Ranar da aka kira ni ofis, na shiga na tarar da Baba zaune a kujera, sanda a hannu, ya rame kamar a hure shi. Ya zo ya sa hannu a takarda cewa ba ya ƙarar kowa. Na zube a gabansa na kama ƙafarsa. Muryarsa ta dishe saboda robar da aka zura masa, sai da na matsa sosai na ji shi. Ya ce Rayyis ya je duba shi a asibiti.

"Ya ce ya gaya maka guba ne. Haka ne?"

"Haka ne, Baba. Sau uku ya faɗa."

"Kuma da na tsaya da loma a hannu, ka tuna?"

"Na tuna."

Na zaci ya gama da ni ke nan. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sannan ya ce girman kan da ya sa ni yin shiru, wannan tsakanina da Ubangijina, amma nasa haƙƙin ya yafe duniya da lahira. Ya ce akwai abin da likitoci ba su gaya mini ba, gubar nan jiki take kashewa, ta bar kunne da hankali.

"Ina jin kome, ɗana. Na ji abin da Musa ya ce a mota. Na ji ka ce to. Na ji kun ajiye ni, na ji takunku kuna tafiya. Ina ta neman kalmar shahada, harshe ya ƙi. Na ce shi ke nan, a kan benci zan cika kamar wanda ba shi da kowa. Sai na ji ƙwas ƙwas ƙwas yana dawowa."

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Ɗan sandan da ke tsaye ya juya yana kallon bango.

Ya miƙo mini leda. Riga ce tawa, wankakkiya, ya goge ta da hannunsa, da sabon takalmi, don ya san daga tarhil mutum da abin da ke jikinsa yake hawa jirgi. Na sa takalmin a gabansa. Na ɗauki tsohon silifas ɗin zan jefa a kwandon shara, ya sa sandarsa ya tare hannuna, ya ce in zuba masa shi a ledar.

Bayan 'yan makonni aka sauke mu a Kano. Na koma Yawuri ba jirgi ba koma, na shiga bin jirgin ƙanena. In talibambam ya faɗo a raga, nakan cire shi a hankali in mayar ruwa, abokan su suna tsokanata wai Garba ya je Makka ya koyo sakin kifi wurin Turawa. Baba Sale kuwa ban sake ganinsa ba. Wani alhajin garinmu da na aika ya nemo shi a Mahjar ya dawo ya ce ya same shi yana guga, ya kuma tambaye ni ko tsohon ya fara ruɗewa ne, don ya ga wani mataccen silifas mai ɗaurin waya rataye a ƙusa, kusa da inda yake ajiye carbinsa.